Iska Ce, In Ji Kawu

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya amsa kira ana tsakiyar damina, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. An yi masa sutura da hantsi a Kankia, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Ya haura shekara saba'in, kuma fiye da rabinsu ya yi su ne a ƙarƙashin mota, ko tsugune a gefenta yana saurare.

Ni ba marubuci ba ne. Direba ne, ina jigila tsakanin Kankia da Kusada, karatuna bai wuce firamare ba. Abin da na ji a wajen zaman makoki ne ya sa na ɗauki biro.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ƙarƙashin bishiyar bedin da yake gyara a inuwarta. Wani dattijon Bafulatani ya zo tun daga Kaikai, ya jingine sandarsa ya ba da labarin yadda Kawu ya taɓa bin sa har ruga a ƙafa don ya tada masa babur ɗin da ake kai nono kasuwa da shi. Wata tsohuwa daga Fakuwa ta aiko daga cikin gida cewa injin niƙanta da kowa ya ce ya mutu, har yau yana aiki saboda hannunsa. Mahaifiyata ba ta ɗaga murya ba. Tana zaune kusa da matarsa, wadda muke kira Inna, duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta ce Yaya ya huta.

Direbobi ba su zo da yawa ba. Cikin waɗanda suka zo, wani ɗan Kusada da ban ma san shi sosai ba ya shafa addu'a, sannan ya juya ga na kusa da shi.

"Allah ya jiƙan Baba. A zamaninsa babu kamarsa. Sai dai a ƙarshe hannu ya gaza, har ya koma ɗora wa iskoki laifin mota. Allah ya yafe masa wannan camfin."

Mutum uku suka ce amin. Ina zaune a ƙarshen tabarma. Duk wurin ni kaɗai nake zaton na san inda maganar nan ta samo asali.

Kafin in faɗa, ina so a san ko wane ne Kawu. Idan aka kawo masa mota, ba ya gaggawar buɗe murfin inji. Sai ya sa mai ita ya zauna a benci, ya yi masa tambaya uku da harshensa na Katsinawan da: yaushe ta fara, a ina take yi, kuma mi ka taɓa. Ta ukun ita ce babba a wajensa. Yakan ce mota ba ta ƙarya, amma ba ta buɗe baki sai mai ita ya fara faɗin gaskiya. Yana da wata doguwar sukundireba mai mariƙin katako, yakan ɗora bakinta a jikin inji, mariƙin a kunnensa, ya rufe ido kamar mai jin wa'azi. Duk ƙusoshin da ya kwance a tsohon kwanon sha yake jera su, ba wanda ya isa ya taɓa kwanon, ko da mai motar ne.

Abin da ya fi tsana shi ne abin da yake kira gyaran leda: a ɗaure tiyo da roba, a toshe yoyo da sabulu, a cusa leda inda ƙarfe ya kamata. Ya taɓa ganin na naɗe tiyon ruwa da tsohuwar roba, ya fizge ta ya jefa kan rufin kwano, ya yi min faɗa a gaban mutane har na kasa cin abinci. Da la'asar kuma ya aiko min da sabon tiyo da ƙosai a takarda. Haka yake. Tun rasuwar mahaifina shi ya riƙe ni, shi ya koya min tuƙi a filin makaranta, kuma shi ya zaɓa min motar da nake ci da iyalina da ita. Tsohuwa ce mai kafireta, wato abin da ke haɗa mai da iska a inji, ta girmi ɗana na fari nesa ba kusa ba, amma ya ce ƙashinta na da kyau.

Shekara biyu da suka wuce, bayan damina ta sauka, Kawu ya wanke min kafireta ya canza filogi. A cikin makon ne kuma robar murfin tanki ta cinye. Idan na faɗa rami sai mai ya ɗan fantsalo, wari ya cika mota, mata suna toshe hanci da mayafi. Mai ya yi tsadar da ko ɗigo ɗaya mutum ba ya son ya ga ya zube. Sai na ninka ledar burodi biyu, na shimfiɗa a bakin tanki, na murɗa murfin a kanta. Wari ya ɗauke. Na ji daɗin dabarata.

Daga nan mota ta fara mutuwa a hanya. Ba kullum ba. Sai ta yi kwana uku lafiya lau, rana ta huɗu ana cikin tafiya ta fara shessheƙa kamar mai tari, in taka totur ta ƙi amsawa, ta yi tsit. In murɗa makulli, inji ya juya amma ya ƙi kamawa. Bayan kamar rabin sa'a sai ta tashi da kanta kamar ba ita ba. Kuma ta fi yi ranar kasuwa, ranar da na cika ta da mutane da buhuna, sau da yawa a kusa da wata tsamiya da ke gefen hanya. Ba a jima ba aka fara raɗa a tasha cewa tsamiyar nan tana da masu ita.

Na mayar wa Kawu sau biyu. A gabansa tana tashi bugu ɗaya, tana kaɗawa sumul. Ya duba wuta, ya duba famfon mai, bai ga komai ba. Duka biyun ya zaunar da ni ya tambaye ni mi na taɓa. Ledar ta faɗo min a rai, ba zan ce ba ta faɗo ba. Amma na tuna robar da ya jefa kan kwano, na kuma ce a raina ina ruwan bakin tanki da mutuwar inji. Na ce masa ban taɓa komai ba. A karo na biyu har na rantse.

Sai ranar da na ɗauko wani magidanci a garin Ƙofa da matarsa, tana rungume da jaririya mai zazzaɓi, idon yarinyar ya juye, za su asibiti a Kankia. Mota ta mutu inda babu gida babu rumfa, gero ya yi tsawo ta ko'ina ba ka hango komai. A zamanin nan tsayawa a irin wurin nan ba abin wasa ba ne, kowa ya sani. Na murɗa makulli har batir ya fara sanyi. Matar sai jijjiga ɗiyar take tana kallon hannuna a kan makulli. Allah ya kawo mai babur ya ɗauke su su biyu, mijin ya bi su a guje da ƙafa har ya sami wani. Kafin ya tafi ya gaya min maganar da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Daga baya na ji yarinyar ta rayu, amma a ranar ban sani ba.

Da motar ta tashi na iso tasha. Direbobi suka zagaye ni suna tambaya. A nan ne na buɗe baki na ce tun da Baba ya taɓa kafireta motata ba ta sake lafiya ba. Na ce hannunsa ya mutu, kunnen ma ya bi shi, in ba don kawuna ne ba da tuni na daina kai masa. Kafin magariba maganar ta isa gindin bedi.

Washegari da sassafe na fito zan kama layi, na tarar da shi zaune a kujerar gaba, kwanon shansa da sifanoni biyu a kan cinya. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ya ce ciwon da ba ya zuwa wajen likita, likita ke bin sa, saboda haka zai riƙa bina duk inda na je har ta yi a gabansa. Bai ambaci abin da na faɗa a tasha ba, ko da kalma ɗaya. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Kwana biyu muna kai da kawowa, mota ta ƙi mutuwa. Yana zaune, tagar gefensa a sauke, kansa a ɗan karkace. Wani lokaci ya ce in rage gudu, wani lokaci ya ce in taka. Ya tambaye ni ko da zafin rana ta fi yi ko da sanyi, ko a hawa ko a gangara, da abin da nake yi kafin ta tashi. A tasha direbobi suna tsokanata, suna cewa na sami kwandasta mai furfura. Yana ji, bai waiwaya ba.

Rana ta uku ranar kasuwa ce. Ranar kasuwa kaɗai nake cika tanki, saboda sawu da yawa. Da muka tsaya gidan mai na yi sauri na fita, na buɗe murfin da kaina, na dunƙule ledar a hannu, na tsaya ta yadda jikina zai tare shi idan ya duba madubi. Da aka gama na mayar da ita na murɗa. Ina rubuta wannan ne don kada wani ya ce mantuwa ce. Na san abin da nake ɓoyewa.

Mun ɗauki fasinja bakwai da buhunan dawa biyu. Muna dab da tsamiyar ta fara shessheƙa. Wata tsohuwa a baya ta kama salati. Mota ta gangara gefen hanya ta tsaya.

Kawu ya ce kada in taɓa makulli sai ya ce. Ya fita a hankali, gwiwarsa na damun sa a lokacin, ya ɗaga murfin inji. Ya zare wayar filogi ɗaya ya kusantar da ita jikin ƙarfe, ya ce in murɗa. Wuta ta yi tsalle shuɗiya. Ya mayar, ya cire tiyon da ke kai mai kafireta, ya ce in sake. Maimakon mai ya feso, sai ɗigo biyu uku. Ya tsaya yana kallon tiyon, yana magana shi kaɗai, cewa wuta na nan, famfo na ja, tanki kuma cike a gabansa aka cika shi, to mi ya hana mai zuwa. Fasinjoji sun fito sun tsaya nesa da tsamiyar, wani yana ta duban hanya gaba da baya, yana cewa a yi sauri don Allah.

Sai na ga ya nufi bayan mota. Na bi shi. Ya kai kunne kusa da bakin tanki, sannan ya murɗa murfin a hankali. Da ya ɗaga gefen ledar, tankin ya ja iska da ƙarfi, fuuu, kamar wanda aka daɗe da danne wa kai a ruwa, har ƙarfen ya yi ƙara yana komawa daidai.

Ya riƙe ledar da yatsu biyu. Ya dube ta, ya dube ni. Da muryar da ba wanda zai ji sai ni ya ce:

"Ɗan nan, tanki ma numfashi yake. Mai na hita, dole iska ta shiga. Murhin wanga yana da 'yar ƙofa don haka, kai ka toshe ta. Ran da ka cika shi babu iska ciki, shi ya sa yake saurin shaƙewa ran kasuwa. Sau biyu na tambaye ka."

Ya dunƙule ledar ya sa a aljihun rigarsa, ya mayar da murfin, ya je ya haɗa tiyo. Bugu na biyu mota ta tashi.

Da muka shiga, mutumin da ke ta duban hanya ya tambaye shi, Baba mene ne ya same ta? Na riƙe sitiyari ina jiran ya tona ni. Kawu ba ya ƙarya, ko da wasa. Ya dubi gaba ya ce:

"Iska ce."

Tsohuwar ta ce ai dama ta faɗa, ta sake kama salati. Wani saurayi ya ƙunshe dariya. Shi iskar shaƙa yake nufi, su kuma suka ji iskar tsamiya. Ya san yadda za su ji ta. Ya zaɓi kalmar da ba ƙarya ba ce, kuma ba za ta kama sunana ba, ya bar ta ta faɗa kansa.

Kafin mu sauke kaya labari ya zaga tasha: Baba makanike ya bi mota kwana uku, ya kasa gano ciwonta, ya ce aljanu ne. Aka yi ta dariya. Wani ya ce a sayo masa turare maimakon sifana. Aka juyo gare ni ana tambaya ko gaskiya ne haka ya ce. Kalma goma sun isa in wanke shi. Amma na tuna mutumin Ƙofa da ɗiyarsa, na san in aka ji leda ce tawa ta tsayar da su a daji, kuma na rantse a kan ƙarya, ba mai sake sa iyalinsa a motata. Na ce haka ya ce. Ban ƙara komai ba, ban rage ba. Da mota ta daina mutuwa aka tambaye ni wa ya gyara, na ce na kai ta wani gareji a bakin babban titi. Na kai ta ɗin, amma facin taya aka yi min.

Daga nan gindin bedi ya fara yin fili. Ba rana ɗaya ba. Wannan ya janye, wancan ya janye, har ya zama sai masu injin niƙa da tsofaffin babura. Nakan wuce in gan shi zaune a benci, kwanon sha a gefe babu ko ƙusa ɗaya a ciki, yana goge sifanonin da ba su yi datti ba. Wani malamin unguwa har ya same shi ya yi masa nasiha a kan camfi. Inna ta ce ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya.

Ni kuwa ban daina zuwa gidan ba. Ina gaishe shi, ina cin tuwonsu. Kullum sai in ce gobe zan gyara maganar. Ko sau ɗaya bai tayar da ita ba. Bayan mako guda da faruwar abin ya miƙo min wani murfin tanki da ya samo, ya nuna min 'yar ƙofar da farce, ya ce in kiyaye ta. Shi ke nan.

Da ya kwanta jinya na je da niyyar in roƙe shi gafara. Ɗakin cike da 'yan dubiya, na zauna a bakin ƙofa ina jira su ragu. Da ya hango ni ya yafito ni, ya tambaye ni ko lodi na samuwa, ko na canza baƙin mai. Na ce Kawu ina da magana. Ya ce in bari sai ya ji sauƙi, yanzu numfashi na yi masa wuya. Bai ji sauƙin ba.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun watse, na shiga wajen Inna na durƙusa. Na fara ba ta labari tun daga ledar burodi. Ban kai rabi ba ta ɗaga min hannu. Ta ce ita ta wanke rigar. Ta tarar da leda a aljihu tana warin fetur, ta tambaye shi, ya gaya mata duka. Ta ce ta yi masa faɗa ya fita ya wanke kansa, sai ya ce da ita:

"Ɗan ƙanwata ne, da 'ya'ya biyar. In na wanke kaina, wa zan shafa wa?"

Shekara biyu ke nan tana zuba min tuwo tana sane. Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa nuna min ba. Ta ce ya hana ta. Sannan ta ce yanzu mai hanin ya tafi, amma ba za ta yi min aikina ba.

Washegari na je tasha da hantsi, lokacin da layi ya cika. Na roƙi shugaban direbobi ya tara min mutane. Na tsaya a jikin motata na faɗi komai: ledar, rantsuwar, yadda na tare madubi a gidan mai, yadda ya gano ciwon da babu wanda ya gano a cikin minti kaɗan da ta yi a gabansa, da abin da yake nufi da kalmar da aka mayar abin dariya. Ba wanda ya katse ni. Da na gama wasu suka sunkuyar da kai, wanda ya yi maganar turare ya juya ya tafi wajen motarsa. Wata mata da ta riga ta zauna a kujerar baya ta sauko da kayanta ta koma motar da ke bayana, ban ga laifinta ba.

Wani tsohon ɗan kamasho, sa'an Kawu, shi ne ya yi magana. Bai ɗaga murya ba.

"To, mun ji. Ka kyauta da ka faɗa. Sai dai yanzu ina za mu kai masa motocin?"

Waɗanda suka ji a tasha ba su kai waɗanda suka ji maganar farko yawa ba, shi ya sa na rubuta, don ta isa Kusada da ƙauyukan da ƙafata ba za ta kai ba. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ya Allah, bawanka ya suturta wanda bai cancanta ba, ka lulluɓe shi da suturarka. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka ba Inna da mahaifiyata haƙurin rashinsa. Ni kuma ban san da wace fuska zan tsaya gabansa ranar tsayuwa ba. Wanda ya yi masa addu'a, in da saura, ya sa ni a ciki.